Na biya dubu 40 na je bitar shugabannin makarantu a Bauchi, ga abinda na gani

Tun da na dawo daga bitar nan 'yan'uwa hedimastoci suke ta kirana, Hajiya ya abin yake, ya cancanci kuɗin ko kuwa irin wadda muka saba ce a je a zauna a sha lemo a karɓi satifiket a dawo gida. Kati na ƙarewa maganar bata ƙare ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Ba zan kama sunan kamfanin da ya shirya ba saboda akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi, kuma bana so ya zama kamar talla nake musu ko ɓatanci.

Ni dai shekarata 22 ina koyarwa, shida daga ciki ina riƙe da wata firamare ta gwamnati a gefen garin Bauchi, irin unguwar da rabi gari ce rabi ƙauye. Bitar ta kwana biyar ce, Litinin zuwa Juma'a a cikin hutu, a hol ɗin wani otal ta wajen GRA, naira dubu 40 kowane mutum, ni daga kwasar adashina na cire na biya ba wanda ya ɗauki nauyina. Mun kai mu arba'in, akwai na cikin gari, akwai waɗanda suka zo daga Toro da Alkaleri da Darazo, har da wasu mata biyu daga Gombe. A takardar tallan sun rubuta cewa za a yi amfani da ra'o'in masana zamantakewa, wato tiyori kamar yadda 'yan jami'a ke cewa, a sake duba manufofin ilimi da yadda ake shugabancin makaranta. Gaskiya da na karanta ban gane sosai ba, abinda ya ja ni shine sun ce ba bitar cike fom ba ce, ni kuwa fom ya ishe ni.

Maganar wurin zama da abinci ba sai na ja ba. Hol ɗin da tsabta, janareta na aiki, da safe shayi da masa mai kyau, da rana shinkafa, akwai wurin sallah na mata daban wanda wannan na ji daɗinsa sosai. Lokaci ne basu riƙe ba, an rubuta ƙarfe tara amma ba ranar da aka fara kafin goma, ga masu zuwa daga nesa sun yi sammako sun biya mota. Masu gabatarwa uku ne, babbansu wani Dokta ne malamin jami'a, sai wata baiwar Allah da ta taɓa riƙe sakandare, sai wani matashi mai kula da firojekta da raba takardu.

Ranar farko Dokta ya fara da wani ɗan Burazil, Faulo Fireri. Mutumin nan a farkon shekarun 1960 ya koyar da leburorin gonar rake kusan 300 karatu da rubutu cikin kwana 45, kuma hanyarsa ita ce baya zuwa da littafin da aka rubuto daga birni, sai ya zauna da mutanen ya ji kalmomin da suke rayuwa dasu, kamar bulo ga masu aikin gini, daga kalmar a koyi haruffa daga nan kuma a shiga maganar wa ke yin bulon, wa ke kwana a gidan da aka gina. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1964 sai da suka tsare shi kwana 70 sannan ya bar ƙasar. Abinda ya fi suna dashi shine cewar da yayi makarantunmu sun maida yaro kamar asusu, malami na zuba masa magana kamar ana jefa kwabo, ranar jarrabawa a fasa asusun a ƙirga abinda ke ciki, yaron bai taɓa abin da hankalinsa ba ko sau ɗaya.

Wallahi yana faɗa ina ganin ajinmu na huɗu a idona. Yara sun fi 90 a kan tabarma da siminti, malama ta rubuta jimla da Turanci a allo ta nuna da sanda, su maimaita da ƙarfi har ana jiyo su daga titi, ni kuma ina ofis ina jin daɗi ina cewa a raina yau aji huɗu na karatu. Shekara da shekaru ƙarar nan ita ce ma'aunina, ajin da na ji shiru shi nake zuwa dubawa, ajin da ake ihu kuma in wuce. Ban taɓa shiga na ɗauki yaro ɗaya nace faɗa min da Hausa me jimlar nan take nufi ba. Wannan kaɗai da na gane a ranar farko ya girgiza ni, a keke napep har na iso Wunti ina ta juya abin.

Rana ta biyu ita ce ta biya ni kuɗina, don haka a nan zan daɗe. Malamar nan ce ta ɗauke mu, akan wani Bafaranshe Fiya Burdiyo, ɗan ƙauye ne shi kansa babansa ma'aikacin gidan waya, ya yi bincike a Aljeriya sannan ya dawo ya duba makarantun ƙasarsu. Abinda ya gano shine jari ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai jarin da yaro ke tahowa dashi daga gida ba tare da ya sani ba, irin harshen da ake yi a gidansu, ko akwai littafi a ɗaki, ko ya saba babba ya tambaye shi ra'ayinsa, ko ya san yadda ake tsayawa gaban mai ofis a yi magana. Makaranta sai ta ɗauki irin na gidan 'yan boko ta ce shine ƙoƙari, wanda bai zo dashi ba ta ce daƙiƙi ne, a ƙarshe ɗan ma'aikaci ya zama ma'aikaci ɗan lebura ya zama lebura kuma kowa ya yarda wai kai ne ya bambanta su. Mafi ciwo shine shi yaron da aka bari a baya ya yarda da bakinsa cewa shi dama ba shi da kan boko.

Malamar bata tsaya kan firojekta ba, sai ta raba mu gida-gida tace kowa ya rubuta dokoki biyar na makarantarsa, a gaban kowace doka ya rubuta ɗan wane gida ne dokar take yi wa sauƙi, ɗan wane gida take yi wa wuya. Na rubuta dokar lati, na rubuta yunifom da takalmi, na rubuta kuɗin jarrabawa da muke karɓa don buga takarda, na rubuta hana yin Hausa a aji daga aji huɗu, na rubuta aikin gida. Da na zo cike ɗaya gefen sai hannuna yayi sanyi, don duka biyar ɗin mutum ɗaya suke dukan, kuma na san fuskarta.

Wata yarinya ce a aji biyar, ba zan faɗi sunanta ba. Kullum sai an gama asambule take isowa, kullum tana cikin masu tsallen kwaɗo a bakin get, hijabinta a jiƙe ta gaba, ƙafarta duk laka. Na sha ce mata ke ba kya jin magana. Sai daga baya na san cewa kafin ta zo sai ta yi sawu huɗu a famfon burtsatse, ta kai wa mamanta niƙan waken awara, in an tashi makaranta kuma ita ke ɗaukar bokitin awarar zuwa bakin tasha. Yarinyar da ke riƙe cinikin dubu uku dubu huɗu a ka, ta ba da canji ba kuskure, ta san wa ya ci bashi jiya wa ya biya, ita ce a rijistarmu take cin 12 cikin 100 a lissafi, saboda tambayar da Turanci take zuwa kuma akan wani yaro da ya sayi tuffa a babban kanti. Ni da malamanta muka haɗu muka sa mata suna mara ƙoƙari. An bar jaki ana dukan taiki kenan, kuma ni ce mai sandar.

A nan ne aka shiga maganar harshe, hol ɗin ya ɗau zafi sosai. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a shekarun farko na firamare, kuma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ife tun 1970, aka koyar da yara shekara shida cif da Yarbanci ana basu Turanci a matsayin darasi, sakamakonsu ya fi na waɗanda aka juya zuwa Turanci da wuri. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da shekara shida da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka ce an soke a koma Turanci. Wani hedimasta daga wajen Toro ya miƙe yace Malama a ajinsa ɗaya akwai Fulani akwai Jarawa akwai Hausawa, harshen uwar wa za a ɗauka, wata daga Gombe tace su ma haka abin yake da Tangale da Tera, kuma iyaye da kansu suke zuwa suna cewa Turanci suka kawo yaro ya koya. Na ji daɗi da Malamar bata yi kamar tana da amsa a aljihu ba, tace tambayar da take so mu riƙe ita ce duk juyin nan da aka yi sau nawa aka tambayi wanda ke tsaye gaban allo. Ba wanda ya ɗaga hannu.

Rana ta uku akan Mishel Fuko ne, shima Bafaranshe, wanda a 1975 ya nuna yadda makaranta da bariki da gidan yari suke kama da juna wajen jera mutane a layi, buga ƙararrawa, rijista, sa ido, har mutum ya koma yana tsaron kansa ko ba mai kallonsa. Akwai gaskiya a ciki, duk mun san malamin da lesin not ɗinsa, wato rubutaccen tsarin darasinsa, tsaf saboda masu duba makarantu amma yaransa basu iya rubuta sunansu ba, kuma mun san yadda ake share fili a aro kujeru daga wani aji in an ji baƙi na tafe. Amma ni a nan na rabu da Dokta. Ya yi ta magana kamar littafin sa hannu na malamai zalunci ne, sai wani dattijo daga Darazo wanda saura shekara ɗaya yayi ritaya yace ranka ya daɗe, a makarantata in na ɗauke littafin nan ranar kasuwa ba zan ga malami ko ɗaya ba, kuma ɗan talakan da kake tausayi shi zai zauna ba darasi, ɗan mai hali yana firabet. Ni ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. A ƙasar da ido yayi yawa ana kukan sa ido, mu nan sau da yawa rashin mai dubawa ne ke cutar yaro. Dokta ya amsa cewa haka ne amma sai ya wuce shafi na gaba, ban ji ya zauna da maganar yadda ta kamata ba.

Rana ta huɗu manufofi. An bi tarihi da kyau, daga makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawan Kano a 1909 wadda 'ya'yan sarakuna da malamai aka fara ɗauka, zuwa UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, ta 1976 da aka buɗe ƙofa yara suka yi ambaliya aka rasa malamai sai aka yi ta horar dasu cikin gaggawa, zuwa UBE, wato shirin ilimin bai ɗaya, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi mata doka a 2004, shekara tara kyauta kuma dole. Dokta ya bayyana mana yadda kuɗin ke tafiya, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake warewa, kuma jiha bata iya ɗaukar kasonta na ayyuka sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi yasa kake jin kuɗi na kwance a Abuja azuzuwa na yoyo a ƙauye. Da yawanmu shekara ashirin muna aiki ƙarƙashin dokar nan bamu taɓa jin an warware mana ita haka ba. Ya kuma tambaye mu, in dokar tace kyauta, me yasa uwa take sayar da akuya a farkon zango, sai muka lissafa da bakinmu, yunifom, littattafan rubutu, kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, ga kuma cinikin tallan da gida zai rasa in yarinya ta zauna a aji. Wannan na ƙarshen babu takardar gwamnati da na taɓa gani ta ƙirga shi, alhali shine babba a unguwarmu.

Toh yanzu ga inda raina ya sosu, kuma ina faɗa ne don ina son abin ya gyaru ba don in kushe ba.

Na farko, kwana huɗu ana Burazil ana Faransa, an ɗan taɓa Nyerere na Tanzaniya da tsarinsa na ilimin dogaro da kai na 1967, amma ba a ambaci mutum ɗaya na nan Arewa ba, kuma a Bauchi muke zaune fa. Garin da a shekarun 1940 Malam Aminu Kano yake koyarwa a Midil, Abubakar Tafawa Ɓalewa na malami a nan har ya zama hedimasta, Malam Sa'adu Zungur na tara matasa ana muhawara akan mulkin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, da na Turawa a gaban masu mulkin. Malam Aminu yana shirya wasan kwaikwayo da ɗalibansa ana nuna halin da talaka ke ciki, shi ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, Tafawa Ɓalewa kuma a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Waɗannan malaman aji ne irinmu, alli suka riƙe, kuma tambayar da suke yi ita ce dai wadda Dokta ya ɗebo mana daga ƙetare, wa ilimin nan yake yi wa aiki. Ga Nana Asma'u tun ƙarni na 19 da tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato jagorori mata, suna bin ƙauyuka suna koyar da mata da waƙa cikin Hausa da Fulatanci, ilimi ya bi mace har gida da harshenta a lokacin da ya dace da aikinta. In ana neman misalin shugabancin ilimi da ya san halin mutanensa ai ga shi a ƙofar gida. Na ɗaga hannu na faɗi wannan, muryata har rawa take. Dokta, Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba, yace Hajiya kin yi gaskiya, manhajar da aka koya mana a jami'a haka ta zo, zai gyara a zagaye na gaba. Na yarda da niyyarsa amma mu da muka biya wannan zagayen an riga an wuce mu.

Haka tsangaya. Yaran unguwarmu kusan duka da asuba suna makarantar allo da yamma suna Islamiyya, wasu kuma allon ne kaɗai, amma a bitar sau ɗaya aka ambaci almajiri shima a cikin lissafin yara miliyan 10.5 da UNICEF ta daɗe tana cewa basa zuwa makaranta. Yaron da ya haddace izu goma ya iya rubuta ajami a kira shi wanda bai taɓa karatu ba, wannan ai shine ainihin abinda Burdiyo yake faɗa, jari ne da boko ta ƙi karɓa. An yi makarantun almajirai na zamani tun 2012 da aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato, an kafa hukuma ta musamman a 2023, duk wannan abin tattaunawa ne mai yawa, wa aka tambaya kafin a gina, alarammomi na ciki ko daga baya aka kira su ɗaukar hoto. Ba a shiga ba sam.

Na biyu, takardun da aka raba duk Turanci ne mai nauyi irin na jami'a, shafi kusan sittin. Akwai abokan aikinmu masu NCE, wato shaidar malanta ta kwalejin ilimi, da suka fi mu iya riƙe makaranta amma na ga sun ninke takardar sun sa a jaka tun ranar farko. Kuma zaman Dokta yawanci shi kaɗai ke magana awa biyu awa uku muna rubutu, abinda ya ce mana kar mu yi wa yara. Duk lokacin da Malamar ta karɓa ta juya zuwa Hausa ta bamu aiki sai kaga hol ya farfaɗo, har masu gyangyaɗi sun miƙe suna gardama. Da ita aka ba kwana uku shi biyu da abin ya fi haka.

Na uku shine wanda ya fi damuna, don ba laifin masu bitar kaɗai ba ne. An buɗe mana ido an ce shugaban makaranta jagoran canji ne, toh amma ni bana ɗaukar malami bana canza masa wurin aiki, in na kai ƙarar wanda baya zuwa sai in ji an kira ni daga sama ana cewa in yi haƙuri yaron wane ne. Ba ni da asusun da zan sayi kwalin alli sai na roƙi iyaye ko in cire a albashina. Malamai bakwai gare ni a kan yara sama da 600. Masu yanke waɗannan hukunce-hukuncen ko ɗaya babu a hol ɗin, mu da hannunmu ke ɗaure mu aka tara. Shi Fireri da ake ta ambato ai ya riƙe ofishin ilimi na birnin Sawu Faulo na Burazil daga 1989 zuwa 1991, ya san zafin kasafi da gyaran rufi da rigimar malamai, na so a ce an bamu labarin abinda yayi da ya hau kujerar, me ya iya me ya gagare shi, don shi ne zai fi mana amfani. Jimla ɗaya aka yi akai aka wuce. Ranar Juma'a da aka ce za a yi tsarin aiki na kowace makaranta, an fara sha ɗaya saura, sha biyu da rabi maza suka tashi masallaci, aka dawo aka raba satifiket aka yi hoto. Ranar da ta fi kowace muhimmanci ita aka cinye.

Duk da haka ban dawo hannu rabbana ba, kuma ga abinda nayi da ɗan ikon da ke hannuna. Kwamitin SBMC namu, wato na mutanen unguwa masu kula da makaranta, dama suna ne kawai a takarda, sai in za a sa hannu ake neman shugaban. Satin farko da aka koma na aika a kira min iyaye mata, ba ranar aiki da safe ba kamar yadda muka saba wanda ba mai zuwa, sai ranar Asabar bayan la'asar a gindin dalbejiyar makaranta, na shimfiɗa tabarmi na ajiye kujerata a ofis na zauna a ƙasa tare dasu. Nace yau ba kuɗi zan tambaya ba, ku faɗa min me makarantar nan take muku da ba kwa so. An yi shiru ya kai minti biyar. Sai wata tsohuwa tace Malama tunda kin tambaya, jikata ta daina zuwa ne saboda bayan gidan ba ƙofa kuma maza na leƙe. Wata tace ranar da ba ta da naira ɗari biyu ta jarrabawa ɓoye yaron take a ɗaki don kar a kore shi gaban 'yan'uwansa. Maman yarinyar nan mai awara tace, Hajiya in ta zo a makare ku buge ta in bata ɗebo ruwa ba mu kwana da yunwa, ki faɗa min wanne zan zaɓa mata. Ban iya ce mata komai ba sai haƙuri da na bata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shekara shida ina zaune a ɗakin mutane ban tambaye su ba.

Mun sa ƙofar langa-langa a bayan gidan mata, wani kafinta cikin iyaye yayi aikin kyauta. Na hana tsallen kwaɗo da bulala a get, wanda ya makara ya shiga aji, in ya yi sau uku a sati ni zan je gidan ko in aika a ji dalili. Na ce wa malaman lissafi su fara kowace tambaya da Hausa da kuɗin da yara suka sani, awara da ƙuli da kuɗin keke, sannan a juya ta Turanci. Kuɗin jarrabawa ban iya cirewa ba don ba ni da abin buga takarda, amma na hana korar yaro saboda shi. Ba duka malamai suka ji daɗi ba, mataimakina har yanzu yana ganin na sassauta da yawa, yace icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya satin farko latin ma ƙaruwa yayi kafin ya dawo daidai. Muna ta tattaunawa ni da shi, ban ce na fi shi gaskiya a komai ba. Yarinyar dai ranar da aka yi musu lissafin canji a allo ita ta riga kowa, ta faɗi amsa tun malamin bai gama rubutu ba, sai ta rufe baki da hijabi tana jiran faɗa, shi kuma yace a tafa mata.

Masu tambaya ko su je, in bitar cike rijista da tsara jadawali kake nema ko wadda ake ba da kuɗin mota, wannan ba taka ba ce, nan kai zaka biya kuma zaka dawo da damuwar da baka je da ita ba. In kuma ka daɗe kana jin akwai abinda ba daidai ba a makarantarka ka rasa sunan da zaka kira shi, ka je, musamman saboda rana ta biyu. Dubu 40 tayi yawa ga hedimastan firamare, da sun bar otal sun kama hol ɗin wata makaranta da rabin haka ya isa. A cikin biyar na basu uku da rabi. Kafin ka biya ka tambaye su ko sun saka su Malam Sa'adu da Nana Asma'u da maganar tsangaya, ko takardun sun samu fassarar Hausa, ko sun gayyato ko mutum biyu daga masu raba malamai da kuɗi su zauna su ji. Sun yi alkawarin za su biyo mu makarantunmu bayan wata uku su ga abinda muka yi, sun buɗe mana zaure a WhatsApp, yau wata na huɗu kenan ba wanda ya zo, na tura saƙo sau biyu an ce ana shiri. In sun zo ina so in kai su gindin dalbejiyar nan ranar Asabar, matan sun ce akwai maganar ranar kasuwa da lokacin girbi da suke so a duba musu a jadawalin zango mai zuwa.